Birkin Da Ba Ya Kamawa

Ba ya iya wuce keke a jingine bai taɓa shi ba. Ko a ƙofar asibiti ne, ko a bakin kasuwa, ko keken wanda bai taɓa gani ba ne, sai ya miƙa hannu ya matsa birkin, na gaba sannan na baya, ya wuce abinsa. In birkin ya kama, ba ya cewa komai. In ya ji shi sakwa-sakwa, sai ya tsaya ya jira mai keken ya fito, komai daɗewa, don ya gaya masa. An taɓa cin kwalarsa a kan haka, an ɗauka ɓarawo ne. Bai daina ba. Daga nan sunan Birki ya manne masa, har ya zama da yawa a unguwar ba su san yana da wani sunan ba.

Rumfarsa ta kwano ce, a bakin titi, bango ɗaya da shagon mai walda. Tayoyi rataye a sama, kwanon ruwa na neman huda a ƙasa, gwangwanayen madara cike da noti jere bisa katako, kowane da irin girman nasa. Shekara talatin da wani abu yana gyaran keke a wurin.

"Kowa ya iya sa keke gudu," yakan ce. "Gangara ma ta iya. Tsayar da shi ne aiki."

Keken da ya fita daga hannunsa, in ka matsa birki da ƙarfi ba ka shirya ba, to sai a tsince ka a gaban tayar.

Matarsa tela ce, 'ya'yan suna ce mata Inna, shi ma a hankali ya bi su. Maza biyu sun girma sun yi nisa wurin aiki. Ta ƙarshen mace ce, Auta, wadda ta yi karatun dabbobi ta sami aiki. In an tambaye shi sai ya ce, "Aikin dabbobi take yi," yana faɗa yana hango awaki da shanu. An gaya masa akwai macizai a cikin aikin. Ya ji da kunne ɗaya, ya ɗauka a cikin kwalba suke.

Wata ranar Laraba da hantsi ta zo rumfar da sanda mai baki biyu, ɗaya bakin ya tsage.

"Baba, ɗaure min wannan da waya."

"Ta mece ce?"

"Ta aiki."

Yana naɗa wayar tana yi masa bayani. Ita da abokan aikinta suna shiga daji da bakin gonaki su kamo macizai masu dafi da ransu, a kai su inda ake tatsar dafin, a yi maganin sara da shi. Maciji matacce ba ya ba da komai. Don ya gane, ta jawo robar famfon iska ta shimfiɗa a ƙasa, ta danne bakinta da sandar, ta sunkuya, ta sa babban yatsa da manuni ta kama robar dab da inda sandar take, ta ɗaga.

"Shi ke nan," in ji ta. "Sai jaka."

Birki ya lalubo tsinken ashana a aljihu, ya gwada daga yatsanta zuwa bakin robar. Tsinken ya yi saura.

"Nan ne haƙoran?"

"Nan ne."

"Kullum?"

"Da damina, wani lokaci sau huɗu a rana."

"Ba wanda aka taɓa sara?"

"Dogo, wanda muke fita tare. Ya warke. Yatsu biyu ne dai babu."

Ya ajiye tsinken bisa katako a hankali, kamar abin da zai fashe. Ita kuwa, don ta kawar da zancen, ta ciro waya ta nuna masa hoton abin da ake kamawa da shi a wasu wurare: dogon ƙarfe, baki a ƙasa kamar awartaki, hannu a sama. Guda ɗaya suke da shi a wurin aikinsu, yana hannun wasu abokan aikin da suke fita daban, an ce za a kawo ƙari, wata takwas ke nan ana cewa.

Ya karɓi wayar ya kai ta nesa da ido, ya dawo da ita kusa. Sai ya fashe da dariyar da ta sa mai walda ya ɗaga murfin fuskarsa ya leƙo.

"Wannan? Wannan ne ake jira wata takwas? Ke, wannan ai birki ne aka yi wa dogon wuya! Ga hannu, ga waya a ciki, ga baki. Tartsatsi! Zo ka ga abin da ake jira daga ƙetaren teku!"

Tartsatsi shi ne mai waldar, abokin tsokanarsa tun suna da baƙin gashi. Ya zo yana goge hannu a wando, ya duba, ya ce, "Kai dai komai ka gani birki ne. Ko matarka ka gani ta tsaya, ka ce birki ne."

"Kawo min tsohuwar sandar eriyar nan da ka tare ƙofa da ita."

Kwana uku ba a yi facin kirki a rumfar ba. Masu keke suka yi ta zuwa suna komawa da tura. Ya yanke bututun eriyar kamu biyu da rabi, ya zura sabuwar wayar birki ta cikinsa, ya ɗaura hannun birki mafi kyau da yake da shi, wanda ya ɓoye shekaru yana jiran keken da ya cancanta. Bakin kuwa Tartsatsi ya lanƙwasa masa daga ƙarfe mai kauri, shi kuma ya bi cikinsa da zarto ya yi masa haƙora ƙanana don kada komai ya zame. Yana aiki yana waƙa, mutumin da Inna ta ce ba ta ji waƙarsa ba tun ana goyon babban ɗansu.

Ranar da ya gama, titin bai huta ba. Ya ɗaga bulo da shi. Ya ɗauke hular wani direba daga kansa ta tagar mota. Ya kama sifana ya ce wa Tartsatsi ya fizge in ya isa. Tartsatsi ya tokare ƙafa da bango ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, sifana ko motsi.

"Abin da wannan ya kama," in ji Birki, "sai dai ya yi haƙuri."

Ranar Asabar ya ce ƙafarsa ƙafar Auta. Ta ce a'a, ya riga ta shiga motar. Suka bar kwalta, suka bar hanyar ƙasa, suka taka zuwa wani tsohon suri a gefen busasshen rafi, inda wani manomi ya ce ya ga gamsheƙa tana shan rana. Auta ta ba shi tabarau, don irin wannan macijin yana tofa dafi a ido, ta ja masa layi a ƙasa da ƙafa.

"Baba, in ka tsallake wannan, ba na ƙara zuwa da kai ko'ina."

Dogo, wanda hannunsa na hagu yake da yatsu uku, ya zagaya bayan surin yana ƙwanƙwasa. Ba a daɗe ba sai ga ta, baƙa wuluk, tana zuba daga rami kamar mai. Auta ta miƙa awartakin daga nesa, nesa mai daɗin gani, ta saita tsakiyar jiki, ta matsa.

Ya kama. Ya kama irin kamun da Birki ya yi shekara talatin yana koya wa hannunsa.

Macijiyar ta yi wani irin tsalle da ba a san tana da shi ba. Ta murɗe, ta sari bututun, ta sake sara, ƙarar haƙori bisa ƙarfe har inda yake tsaye. Ta naɗo rabin jikinta ta biyo sandar sama tana neman hannun da ke riƙe da ita. Auta ta ja baya, ta yi tuntuɓe, ta saki. Macijiyar ta faɗi ƙasa. Daga inda bakin ya kama zuwa wutsiya ba ya motsi, gaban ne kawai yake ta bugun ƙasa.

Dogo ne ya ƙarasa ta, don ba abin da ya rage a yi mata.

Auta ta tsuguna ta shafa wurin da yatsa. "Ƙashin baya ya karye. Haƙarƙarinsu kamar tsinke yake, Baba."

"Amma ya riƙe," ya ce. Shi kansa ya ji yadda maganar ta fito.

"Ya riƙe." Ta miƙe ta miƙa masa abinsa. "Wadda ba ta ji ciwo ba guduwa take nema. Wadda ta ji ciwo ni take nema. Ka yi birki mai kyau."

Kafin su koma mota aka sake kiransu, kububuwa a ƙarƙashin tarin itace. Auta ta ɗauko sandarta mai baki biyu, mai ɗaurin wayarsa. Yana tsaye bayan wani sabon layi, da awartakinsa a hannu, ya ga 'yarsa ta sunkuya, ya ga yatsu biyun nan sun sauka. A hanyar dawowa Dogo ya yi ta ba da labarai. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba.

Sati guda bai yi waƙa ba. Ya rataye abin a bayan tayoyi inda ba ya gani. Tartsatsi, wanda bai taɓa barin dama ta wuce shi ba, wannan karon ya bar ta ta wuce.

Inna ce ta fara magana, tana kan keken ɗinki ba ta ɗago ba.

"Ka gwada shi da bulo, ka gwada shi da sifana. Yarinyar nan bulo take kamowa?"

"To da me zan gwada? In ɗauko miki gamsheƙa in kawo tsakar gida?"

Da yamma ta miƙa masa wani abu dogo mai nauyi. Ƙafar tsohon wandonsa ce ta tsaga ta ɗinke siririya, ta cika da yashi, ta jera ɗanyen ƙwai uku a tsakiya. Har ido ta yi masa da maɓalli.

"Auta ta ce nauyinsa ke nan. Ka ɗaga shi kada ya faɗi, kada ya fashe. In ka fasa, kai za ka wanke."

Birki ya dubi macijin wando, ya dubi matarsa. Sai ya ji abin nan ya sake tasowa daga cikinsa, wanda ya taso ranar hoton.

Ya goge haƙoran bakin tas. Ya sa Tartsatsi ya yi masa sabon baki mai faɗi kamar yatsu uku, na sama kuma siriri mai shiga tsakani. Ya yanka soson tsohon silifas ya manna, ya naɗe da robar cikin taya. Ya matsa a hankali, macijin ya ɗagu lafiya. Ya kusa kiran titi su zo su gani, sai Dogo, wanda ya kawo kekensa faci, ya ce:

"Baba, kai kana matsawa a hankali don na wando ne. In na gaske ya juyo ya kalle ka, hannu ba ya jin magana. Iya ƙarfinka za ka damƙe, ba ka ma sani ba."

"Kai ma?"

"Ni ma. Ita ma."

Birki ya miƙa wa Tartsatsi. "Damƙe kamar ka ga mutuwa."

Ɓas. Ruwan ƙwai ya biyo ta ɗinkin.

Haka aka yi ta yi. Ya sassauta waya, macijin ya zame ya faɗi, ƙwai ya fashe. Ya ƙara matsewa, ƙwai ya fashe. Ya sa noti ya tare hannun kada ya rufe duka, ya yi daidai da macijin wando, amma da Inna ta ɗinka siriri sai ya sulale, da ta ɗinka ƙato sai ya fashe. An ci soyayyen ƙwai a gidan safe da rana har Tartsatsi, wanda ake aika wa rabonsa, ya ce a gaya wa Inna ya gode, ya tuba.

"Ƙwai goma sha ɗaya," in ji ta. "Kazar ma ta fara kallona."

Abin da ya fi damunsa bai gaya wa kowa ba. Duk lokacin da ya sassauta, kafin ya farga, yatsunsa sun koma sun ƙara wa notin rabin juyi. Hannun ba ya yarda ya bar abu sakwa-sakwa. Kuma damina ta kankama, kowace safiya Auta tana wucewa ta gaban rumfar a bayan mota, ta ɗaga masa hannu, sandar nan mai baki biyu a tsaye tsakanin gwiwoyinta.

Ana cikin haka wani tsohon malamin makaranta ya turo kekensa, sarƙa ta tsinke. Birki ya karɓa, hannunsa ya tafi inda ya saba. Ya matsa. Hannun birkin ya tafi luf har ya taɓa ƙarfe, robar kuwa ta ɗan shafi tayar kawai kamar mai gaisuwa.

"Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan aikin?"

Malamin ya gyara tabarau. "Ni ne. Wayar ce ta tsinke a tsakiya, na rasa abin haɗawa, sai na samu wani ɗan sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan mai talewa, a jikin tsohuwar fitila na haɗa bakin biyu da shi."

"Sifirin! A tsakiyar wayar birki! Malam, kana da iyali kuwa? Ai ko giwa ce ta matsa wannan, sifirin ɗin ne zai miƙe ya shanye ƙarfin, abin da zai isa tayar bai wuce..."

Ya tsaya, bakinsa a buɗe. Ya sake matsawa a hankali. Ya matsa da iya ƙarfinsa. Robar ta shafi tayar daidai yadda ta shafa da farko, ba ƙari.

"Tartsatsi!"

"Me kuma?"

"Zo ka ga birki! Zo ka ga birkin da ba a taɓa yin mai muninsa ba! Malam, zauna. A ba Malam kujera. Kai ne mutumin da nake nema!"

Malamin ya tafi da sabuwar sarƙa da sabon birki gaba da baya, bai gane abin da ya faru ba, ya bar sifirin ɗin tsohuwar fitila a tafin hannun Birki. Wannan bai yi ba, ya yi laushi da yawa. Amma yanzu ya san abin da yake nema. Ya kwance sifirin na sirdi, na jakin keke, na tsohuwar laima, na ƙofar wani firji da Tartsatsi ya jefar. Na laimar ne ya zo daidai bayan ya rage masa zagaye biyu. Ya yanke wayar a cikin bututun da gangan, sabuwar waya lafiyayya, ya haɗa. Ya ce daga baya sai da ya kawar da kai lokacin da yake yankawa.

Ya aika aka kira Auta. Ta zo da kayan aiki a jikinta, ta tsaya ta harɗe hannu. Macizan wando uku a ƙasa, siriri, matsakaici, ƙato.

"Damƙe, Tartsatsi. Kamar ka ga mai binka da wuƙa."

Tartsatsi ya damƙe har ya cije leɓe. Ƙaton ya ɗagu. Ya girgiza shi. Bai faɗi ba. Matsakaicin ya ɗagu. Siririn ya ɗagu. Inna ta farke ɗinkin ta zazzage, ƙwai tara suka gangaro lafiya lau.

Auta ba ta yi murmushi ba. Ta karɓa ta juya shi, ta shafa cikin bakin, sannan ta miƙa hannunta za ta sa wuyan hannu a ciki. Birki ya buge hannun.

"Nawa za a sa."

Ya sa ɗan yatsansa ƙarami. "Matsa. Ki matsa da haushin ranar nan."

Ta matsa da hannu biyu. Ya ji an riƙe shi, riƙon da ba za ka kuɓuce ba, amma kamar yaro ne ya kama yatsan babba za su tsallaka titi.

"Asabar," in ji ta. "Kuma akwai layi."

Kafin Asabar ɗin ya ƙara mata abu biyu da ta faɗa a wucewa. Ƙugiya, daga ƙarfen abin shafa fenti mai birgima, ya lanƙwasa ya goge bakin sumul ya dasa a sandar tsintsiya. Da jaka doguwa ta yadi mai kauri wadda Inna ta yi wa ɗinki biyu, aka ɗaura guntun bututun ruwa a bakinta, don maciji in ya ga rami mai duhu ba ya jiran a roƙe shi.

Wannan karon tarin duwatsu ne a gindin wani tudu, ciyawa jiƙe da raɓa har gwiwa. Dogo ya kwantar da jakar a jikin dutse, bakin bututun yana kallon fili, ya ja baya. Aka ɗaga dutse na farko, na biyu, na uku. Ƙarƙashin na huɗu wata gamsheƙa ta ɗago, ta fi ta farkon girma, ta buɗe wuya kamar faranti, tana huci.

Birki yana bayan layinsa. Ya ga hannun Auta bisa hannun birkin, ya ga gaɓoɓin yatsunta sun yi fari. Dogo ya yi gaskiya, iya ƙarfinta ta damƙe.

Gamsheƙar ta ɗagu daga ƙasa. Ta juya kai dama, ta juya hagu, kamar wadda aka tasa daga barci ba ta san wa za ta yi wa faɗa ba. Ba ta sari komai ba. Auta ta tallafi wutsiyar da ƙugiyar fenti, ta yi taku uku a hankali, ta sauke ta a gaban bututun, ta saki. Macijiyar ta ɗanɗani iska da harshe sau biyu, ta ga duhu, ta zuba ciki har ƙarshen wutsiya.

Tsakanin yatsun Auta da haƙoran nan, tun farko har ƙarshe, kamu biyu.

"Ta shiga!" Birki ya daka tsalle, ya cire tabarau ya jefa sama. "Ta shiga da ƙafarta! Dogo, ka gani? Da ƙafarta!"

"Baba, ba ta da ƙafa."

"Ko ma da me! Ke, kin ji ƙara? Ko ƙas bai yi ba!"

"Baba, layi."

Ya duba, ya tarar ya tsallake shi da taku biyar. Ya koma da baya, ya zauna daɓas a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yana dariya yana share ido da hula. Daga nan zaune ya ga sauran aikin. Auta ta danne wuyan jakar da sandar ƙugiya, ta taka sandar, ta zare bututun, sannan ta sunkuya ta murɗe yadin da hannu ta ɗaure da igiya. Wani abu ya bugi yadin daga ciki, taki ɗaya daga yatsunta.

Dariyar ta ɗan rage.

"Suna sara ta cikin yadi?"

"Wani lokaci," in ji Dogo. Bai kalli hannunsa ba.

Sandar mai baki biyu ba ta sake fita daji ba. Inna ta karɓe ta tana tokare igiyar shanya. A shekarun da suka biyo, Birki ya yi awartaki ashirin da bakwai, don abokan aikin Auta sun gani, na wasu wurare ma sun ji. Tsofaffin laimomin unguwar duk suka ƙare a rumfarsa. Kowane sai ya ɗaga ƙwai a hannun Tartsatsi kafin ya fita. Da na ƙetaren tekun suka iso daga ƙarshe, masu ƙyalli cikin kwali, an ce Dogo ya ɗauki ɗaya ya naɗa masa robar taya.

Amma Birki ya koma kan wuyan jaka. Yana son abin da zai murɗe ta ya ɗaure daga nesa, hannu bai sauka ba. Ya yi na farko da wayar birki mai zarge, ya yanke yadin. Ya yi na biyu da babban abin maƙale kayan shanya, Auta ta ce in jaka ta yi nauyi yana buɗewa. Na uku ya yi aiki, sai dai yana bukatar hannu uku. Ba ya gajiya da zancen. Mai keke ya zo faci, sai ya tafi da bayanin yadda ake ɗaure jakar maciji. Gashinsa ya gama fari a kan wannan. Hannun ya fara rawa wajen saka ƙananan noti, yana cewa notin zamani ne ba su da kirki.

Wata safiya ya leƙa shagon waldar idonsa yana ƙyalli kamar ranar malamin makaranta.

"Na gano shi. Huda biyu kawai. Kada ka tambaye ni, sai ka gani."

"Da ma wa ya tambaye ka?"

Ya yanke ƙarfen, ya lanƙwasa, ya ɗaure shi a abin matse ƙarfe da ke bakin teburinsa, ya yi huda ta farko. Da azahar ya ce kansa yana ɗan sara, zai je gida ya kishingiɗa, kada a taɓa masa komai.

Ba a taɓa ba. Shi kuwa daga kwanciyar nan bai sake tashi ba. Da 'ya'yan suka zo kwashe kayan rumfar, Auta ta tarar da aikin nan a matse: ƙarfe mai lanƙwasa kamar kunnen tulu, huda ɗaya a gefe, garin ƙarfen bai ma share ba. Taki ɗaya daga nan akwai ɗan gicciye da aka ja da bakin ƙusa. Ta kira Tartsatsi. Ya sa tabarau ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa, ya daɗe.

"Nan zai huda ta biyu," ya ce.

"Me zai shiga ciki?"

Tsohon ya shafa gicciyen da babban yatsa.

"Ya ce sai na gani."